Wai ina ne Fazzan? Na duba taswirar Libiya ban gan ta ba

Ɗan Kurmi:
Salamu alaikum 'yan uwa. Kakana, Allah ya jiƙansa, in ya ɗanɗana dabino mai kyau sai ya ce "wannan kamar na Fazzan". Ya ce mahaifinsa ya taɓa bin ayarin fatake daga Kano har Murzuk da turkudi da fatu. Jiya na zauna da taswirar Libiya a waya, na ga Murzuk, na ga Sabha, amma Fazzan ko alama. Gari ne da ya mutu, ko me?

Malam Na Zangon Barebari:
Wa alaikumus salam. Ba gari ba ne ɗana, lardi ne guda, duk kudu maso yammacin Libiya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 500,000. Da Libiya ta samu 'yanci a 1951, larduna uku aka haɗa: Tarabulus, Barƙa da Fazzan, kowanne da gwamnatinsa. A 1963 Sarki Idris ya rushe tsarin tarayyar, aka yanyanka ƙasar zuwa ƙananan yankuna. Daga nan sunan ya fita daga takardun hukuma.

Kafin nan Fazzan ta sha hannu. Italiya ta kama ta a 1914, aka fatattake su, suka dawo a 1930. A 1943 sojojin Faransa ƙarƙashin Janar Leclerc suka hauro daga Cadi suka ƙwace, suka riƙe har 'yanci. In ka koma baya sosai, sarakunan Kanem sun mallake ta a ƙarni na 13, wakilinsu na zaune a garin Taragan. Murzuk ɗin da kakanka ke faɗa ita ce babban birnin a zamanin fatake, daga baya Sabha ta karɓe. Kuma a faɗi gaskiya, ba turkudi kaɗai ake kaiwa ba, bayi ma ta nan aka riƙa wucewa da su.

Direban Agadas:
Malam ya gama magana. Ni dai shekara huɗu na yi a Sabha ina aikin gini. Hanyarmu Agadas, Dirku, Madama, Tummo, sai Gatrun. Mutum ya ce maka hamada ce ka ɗauka yashi ne zalla, alhali yawancinta dutse ne da tsakuwa baƙa, mai cin taya. Garuruwan duk a cikin kwari suke jere, inda ruwa ke kusa, gonakin dabino na biye da su kamar zare.

Abin da ban manta ba shi ne tafkin Gabar Aun wajen Ubari. Tudun yashi ya kai bene goma, a gindinsa ruwa kwance. Na ɗiba zan kurkure baki, gishiri kamar na Bilma! A garin Gat kuwa wata tsohuwa mai sayar da burodi ta ji muna hira, ta juyo ta ce "sannunku da zuwa", Hausa tsaf, ta ce a wajen kakarta ta koya. Kuma har yau mutanen can, Larabawa da Tubawa da Buzaye, Fazzan suke cewa.

Ɗan Kurmi:
Allah ya saka da alheri. Direba, dabinon fa, da gaske ya kai yadda tsoho ke zuzuta shi?

Direban Agadas:
Busasshe ne, sai ka yi da haƙori. Amma zai shekara a buhu bai lalace ba, shi ya sa fatake ke son sa.