Haɗa ayyuka da yawa a bugu ɗaya: me zan kiyaye?

Mai Zane:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Sana'ata zanen katin kasuwanci da takardun talla, ni nake kai su maɗaba'a. Ayyukan ƙanana ne, wannan yana son kati 500, wancan 1,000, amma kuɗin faranti (wato fallen ƙarfen da ake sauke zane a kansa a ɗaura wa inji) da na saita inji ba sa raguwa don aiki ya yi kaɗan, sai ribar duk ta tafi can. Yanzu ayyuka biyar ne a hannuna. Ina so in jera su a babbar takarda guda, a buga tare, a yanka. Me zan kiyaye? Launi ya fi damuna, don ɗaya daga cikin masu aikin ba ya wasa da jan tambarinsa.

Tsohon Mai Inji:
Wa'alaikumus salam. Dabarar tana fita, ɗana. Aiki mai cikakken launi faranti huɗu yake ci a kowace fuskar takarda, kowane launin tawada da farantinsa, ayyuka biyar daban-daban faranti 20 ke nan. In ka haɗa su, huɗu sun isa, kuma takardun da ake ɓatawa kafin launi ya zauna sau ɗaya za a ɓata su.

Amma dole takardar ta zama iri ɗaya, nauyi ɗaya. Kati mai giram 300 da takardar talla mai 130 ba sa zama wuri guda. Yawan kuma da gurbi ake daidaita shi: mai 1,000 ka ba shi gurbi biyu, mai 500 gurbi ɗaya, a buga takarda 500.

Batun ja, ka saurare ni da kyau. Tawada a inji layi-layi take sauka, daga gaban takarda zuwa bayanta. Duk abin da ke layi ɗaya da tambarin nan, rabonsu ɗaya. In na ƙara ja don tambarin ya fito, hoton fuskar da ke ƙasansa sai ya yi jawur. In na rage, mai tambari ya ce ba jansa ba ne. Na sha tsayawa gaban inji da takarda a hannu ina rasa wanda zan faranta wa. In jan Pantone ne, wato tawada ta musamman da ake haɗawa daban da launuka huɗun nan, ka cire aikinsa a buga shi daban.

Mai Yanka:
Malam, ka tausaya mana mu ma. Ka bar rarar milimita 3 a kowane gefe, wato zanen ya zarce layin yanka, ka jera masu girma ɗaya a sahu ɗaya, don wuƙar miƙe take tafiya daga gefe zuwa gefe, ba ta kwana.

Mai Zane:
Na gode, Baba. Zan cire mai jan. Huɗun fa, ɗaya bai amince da zanensa ba tukuna. In jira shi?

Tsohon Mai Inji:
Ka ba shi rana ka faɗa masa sarai. In ya wuce, ka tafi da ukun. Kada ka yarda a ƙona faranti, wato a sauke zanen a kansa, sai kowa ya duba nasa ya sa hannu, don lambar waya ɗaya in ta kuskure, ko dai a sake farantin da kowa yake kai, ko ka biya bugun nasa daga aljihunka.