Wace kalma za ta zauna a gurbin "melodrama"?

1. Sau da yawa in aka saki fim kan addini da zaman iyali a Amurka, masu sharhi kan jefe shi da kalmar "melodrama". Masu fassara kuma sai su ce "fim mai taɓa zuciya". Ni dai ban yarda da wannan ba.

2. Taɓa zuciya yabo ne. Shi kuwa mai sharhi zargi yake yi. Cewa yake an tara ciwo, rashin aiki, saɓanin miji da mata da tuban dare ɗaya, sannan aka kunna kiɗa mai sanyi daidai inda ake so mai kallo ya karaya. Asalin kalmar ma daga "melos" ne, wato waƙa a Girkanci, domin a Faransa ta ƙarni na 18 irin wannan wasa da kiɗa ake raka maganarsa.

3. Bambancin ba ƙarami ba ne. Fim ɗin War Room na 2015, kan matar da ta duƙufa da addu'a don ceto aurenta, an shirya shi da kusan dala miliyan 3, ya kuma kai matsayi na ɗaya a sinimomin Amurka. Masu kallo sun ba shi A+, maki mafi girma, a CinemaScore, kamfanin da ke tattara ra'ayin masu zuwa sinima, alhali yawancin masu sharhi sun kushe shi. In muka fassara sukar da kalmar yabo, mun goge wannan saɓanin gaba ɗaya.

4. An kawo "mai sa kuka". To ai labarin gaskiya ma yana sa kuka, babu laifi a ciki. "Mai ban tausayi" kuma za a ɗauka fim ɗin ne ya zama abin tausayi (wani lokacin haka ne, amma ba zancen ba ke nan). Wani malami ya ce a bar ta "melodirama" kawai. Allah ya ƙara wa malam lafiya, aro sai in gida babu.

5. Kuma akwai. In mutum ya ƙaƙalo kukan da bai zo da kansa ba, cewa muke ya matso ƙwalla. Ginin ma namu ne, irin na ɓata-gari da share-fage. Don haka: fim ɗin matso-ƙwalla.

6. Gwada ta: "Jaruman sun yi ƙoƙari, amma daga tsakiya labarin ya koma matso-ƙwalla." Wanda fim ya ratsa shi da gaske, "mai taɓa zuciya" na nan, ya ci gaba da amfani da abarsa.