Wai guguwar siklon za ta iya iso mu nan Kusseri ta Kamaru?

Ɗan Kusseri:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu ilimin meteo (yanayi) ku taimaka, tun da na ga bidiyon ɓarnar da siklon Chido ta yi a tsibirin Mayotte na tekun Indiya cikin Disamban 2024 hankalina bai kwanta ba, kwanon rufi na ta yawo a sama kamar takarda. Irin wannan iskar za ta iya zuwa mana kuwa? Mu da hadarin farkon damina ma yake kwashe mana rufi.

Malamin lise (sakandare) Garwa:
Wa alaikumus salam ƙanena, kwantar da hankalinka ba ta zuwa. A kan teku take tashi, sai ruwa ya yi ɗumi wajen digiri 26 zuwa 27, tururi ya hau sama ya zama hadari, juyawar duniya ta sa shi kewayawa, to muddin tana kan ruwan ɗumi ƙarfi take ƙarawa amma da ta hau tudu sai ta fara mutuwa. Dubi siklon Freddy a 2023, daga wajen Ostireliya ta taso ta ratsa tekun Indiya, ta bugi Madagaska da Mozambik, ta koma ruwa ta sake ƙarfi ta dawo ta yi wa Malawi mummunar ɓarna, kwana 36 tana yawo. Mu teku ya yi mana nisa sosai, tafkin Chadi kuma bai isa ba. Sai dai wasu hadarukan da ke wuce mu daga gabas zuwa yamma a Agusta da Satumba, in suka faɗa Atlantika ta wajen Senegal, su ne ke zama guguwar da ke addabar Amurka.

Hajiya Yagwa:
Malam Allah ya ƙara ilimi. Ni dai ɗana, ruwa nake tsoro ba iska ba. A 2024 kogin Logon ya shigo mana har ɗaki, gidajen ƙasa suka zube, gonakin shinkafa suka nutse, wallahi har yau wasu ba su farfaɗo ba.

Direban Njamena:
Gaskiya ne Hajiya. A Derna ta Libiya ma Satumban 2023 ruwan guguwar Daniel ne ya fasa dam biyu cikin dare, dubban mutane suka tafi, Allah ya jiƙansu. Shi ya sa kullum nake tunanin dam ɗin Maga da ke arewacin Kamaru.

Ɗan Kusseri:
Amin. Na gode Malam. To Hajiya bana an gyara muku shingen bakin kogin kuwa?