Malamin jami'a da dara a bakin hanya: akwai laifi?

Malamin Gona:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Shekarata 11 ina koyar da ilimin noma a jami'a nan Maraɗi, kuma wata magana ta tsaya mini a rai tun makon jiya.

Ina da amini, tare aka sa mu lakkwal a Tibiri. Ni na wuce har Yamai, shi kuwa mahaifinsa ya rasu muna aji shida, gona ta dawo hannunsa. Da rani yana zama nan gari yana sayar da dawo da gujiya. Kowace la'asar nakan hau babur in same shi gindin wani bedi a unguwar Bagalam mu yi dara. Kafin in iso ya riga ya tona gurbi 30 a ƙasa da yatsa, nasa duwatsu 12, nawa tsinken kara 12, butar shayi tana kan gawayi. A nan nake sauke gajiyar aji, kuma nan ne kaɗai ake kirana da sunan da kakata ta sa mini.

Wani abokin aikina ya wuce a mota ya gan ni zaune a ƙasa, na naɗe ƙafar wando, ɗalibaina biyu tsaye a kaina suna kallo. Washegari ya ja ni gefe cikin mutunci ya ce, "Dokta, kana zubar da kwarjininka."

Abin ya yi mini ciwo, domin darasina mafi kyau a gindin bedin nan na samo shi. Shekaru ina bayanin gawo da Faransanci, yadda saiwarsa ke ƙara wa ƙasa ƙarfi, yara suna rubutawa suna mantawa. Wata rana aminin nan, yana matsar da dutse, ya ce mini gawo mai kunya ne: damina ta zo ya tuɓe riga ya bar wa hatsi rana, rani ya zo ya mayar da riga ya zubo wa awaki ƴaƴa. Haka na kai ta aji da Hausa, ba wanda ya sake mantawa. Shi ya kai ni gonarsa ya durƙusa gaban kututturen kalgo, ya nuna mini yadda yake zaɓen tsiro biyu ko uku masu ƙarfi ya sare sauran. Sassaben zamani ke nan, wanda ya fara bazuwa daga jiharmu wajen 1984, ni kuwa a takarda na fara saninsa.

To, in ci gaba, ko in maida darar cikin zaure inda ba mai gani?

Tsohon Mushe (malamin makaranta):

Wa alaikumus salam ɗana. Na yi shekara 34 da alli a hannu, yawanci a ƙauyukan Madarunfa. Kwarjinin malami yana cikin shiga aji a kan lokaci da duba takarda tsakani da Allah. Ni kokowa ce tawa. Ina saurayi Kantu ya ɗauko takobin gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, tun daga nan ban bar zuwa fili ba. Sau nawa na yi ihu hulata ta faɗi, yaran ajina suna bayana! Ranar Litinin ba wanda ya taɓa ɗaga mini murya. Ka riƙe amininka. Sai dai kada ɗalibi ya sayi sukari ko ganyen shayin wurin, kada kuma a yi zancen maki a gindin bedin.

Malama Zariya 2:

Malam, ni ma malamar jami'a ce, kuma ina ganin abokin aikinka ya taɓo gaskiya, sai dai ba ta inda ya nufa ba. Darar ba ta da laifi. Yaran nan biyu da ke tsaye a kanka su ne abin dubawa. Namiji zai iya tsayawa ya gaishe ka, ya yi dariya tare da kai, gobe ya shigo ofishinka ba fargaba. Ɗaliba mace ba za ta tsaya a fada ta maza a bakin hanya ba, ka san garinmu. In sakamako ya fito yaran nan suka ci, ko da guminsu ne, ƴan matan ajin za su ce sanayya ce. Sun sha zuwa su faɗa mini irin wannan suna hawaye. Shi ya sa ni ko zogalen da nake renonsa a bayan gida, ƴar aji ba ta taya ni ban ruwa sai ta gama karatu.

Ɗan Sabon Gari:

Ranka ya daɗe, ina jin na gane ka, na zauna ajinka. Maganar rigar gawo har yau ita nake faɗa wa manoma a wurin aikina. Da na san daga bakin manomi ta fito, da tuni na daina jin kunyar cewa babana da kalme ya biya mini karatu.

Malamin Gona:

Na gode Baba, sharuɗɗanka biyu na karɓa. Malama, wallahi ban taɓa duban abin ta wannan fuska ba, kuma kin yi gaskiya. Daga yau ɗalibi ya gaishe ni ya wuce, mai tambaya ya same ni ofis ranar Laraba, ƙofa a buɗe. Na kuma roƙi aminina, in damina ta kama, ya karɓi ajin gaba ɗaya a gonarsa ta Tibiri, maza da mata, shi ya yi bayanin. Ya ce ya yarda, amma kowa ya zo da gorar ruwansa, rijiyar da nisa.