Shawarwarin Masu Jinya da Tsira Allura Kan Kuɗin Sana'ar

Da aka tattauna ko sana'ar jinya ta hanyar tsira allura, wadda ta samo asali daga ƙasar Sin, tana riƙe mai ita, shawarar farko ta waɗanda suka daɗe cikinta ita ce mutum ya lissafa bashin karatu kafin ya shiga. A Amurka, alal misali, karatun yakan ɗauki shekara 3 zuwa 4, sannan ga jarrabawar lasisi.

Inda suka fi nanatawa shi ne ƙarancin guraben aikin albashi, abin da ke tilasta wa yawancin waɗanda suka kammala buɗe wurin kansu, su ɗauki nauyin haya da inshora da talla da allurai, waɗanda ba a maimaita amfani da su, alhali majinyata ba sa taruwa sai bayan shekaru. Saboda haka suka ce kada sabon shiga ya saki aikin da yake yi, ya fara da hayar ɗaki guda a wurin wani, ya kuma koyi lissafin kasuwanci. A ganina wannan ce shawara mafi nauyi, domin ƙwarewar hannu ba ta biyan haya idan ɗakin babu kowa.

Wasu sun yaba tsarin duba mutane da yawa a zaure ɗaya kan farashi mai sauƙi. Inshorar lafiyar majinyata kuwa ba abin dogaro ba ce, domin tun 2020 da shirin Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka ga tsofaffi, ya fara biyan kuɗin wannan jinya, ciwon ƙugu mai daɗewa kaɗai ya amince da shi.