Sabuwar shekarar Sinawa a unguwarsu ta Landan: me ya kamata mai zuwa ya sani?

Maman Iman: Jama'a, waɗanda suka saba zuwa bikin nan na titin Gerrard, tsakiyar unguwar Sinawa, su taimaka mana da bayani, musamman ga mai tafiya da yara.

Baban Sadik: Hajiya, fara da sanin ranar. Lissafin wata suke bi, don haka takan faɗo tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. A 2025 ta kama 29 ga Janairu, a 2026 kuma 17 ga Fabrairu, dab da azumi. Amma babban taron ba lallai ranar ba ne, galibi Lahadin da ke biye ake yi. Jerin gwanon yakan tashi wajen ƙarfe 10 na safe ta titin Charing Cross ya bi Shaftesbury Avenue, dandamalin wasanni kuma yana Trafalgar Square. A isa kafin 9:30. Tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Leicester Square takan cushe har a riƙa tare mutane, gara a sauka Embankment a taka. Keken tura jariri wahala ne kawai a Gerrard da rana, goyo ya fi.

Yaya Bilki: Ni a ganina rawar zaki ta fi jerin gwanon armashi, kuma bayan azahar ake cin moriyarta, lokacin da ƙungiyoyi ke bin shaguna ɗaya bayan ɗaya. Mutum biyu ne a cikin rigar, ɗaya a kai, ɗaya a gindi. Rawar dodo daban ce: dodon mai dogon jiki shi ne wanda mutane da yawa ke ɗauka a kan sanduna. Ku duba saman ƙofofi: inda aka rataye latas da jan ambulan mai kuɗi a ciki, nan zakin zai tsaya. Zai miƙe, na gaba ya hau cinyar na baya, ya cafke latas ɗin, ya yayyaga ya watsa wa jama'a, ya riƙe ambulan. A tsaya tsallaken shagon, ba bakin ƙofa ba, don masu ganga da kuge nan suke taruwa, ƙarar kuwa tana firgita ƙananan yara.

Malam na Peckham: Batun abinci fa a kula. Abin da ake kira char siu naman alade ne. Ƙullin jatan lande na har gow ma sau da yawa da kitsen alade ake haɗa shi, haka ɓawon kek ɗin ƙwai a wasu gidajen burodi. Giyar shinkafa ta Shaoxing kuma tana shiga girki da yawa, har na kaza da kifi, don haka "babu alade" bai wadatar ba. A nemi gidajen abincin Musulmin Sin, na Uygur ko masu taliyar Lanzhou, a tambayi shaidar halal. Ranar taron layi yakan kai titi, sai an kama tebur tun kafin ranar.

Yaya Bilki: In maƙwabci Basine ya gayyace ku gida, lemon tanjarin guda biyu ya isa tsaraba. Jan ambulan masu aure ne ke ba yara, da sababbin takardun kuɗi, a kauce wa adadi mai 4 don furucinsa ya yi kama da na mutuwa. Ana karɓa da hannu biyu, ba a buɗewa gaban mai bayarwa.

Baban Sadik: Masu yara su sa musu safar hannu, tsayuwar awa biyu a sanyin Fabrairu ba wasa ba ce.