Tes ranar Juma'a ƙarfe ɗaya, da maganar hutun Sallah na sati guda

Auwal: Assalamu alaikum jama'a. Wlh yau raina a ɓace yake. Lakcara ya sa mana tes ranar Juma'a ƙarfe 1 zuwa 2, mu shida muka je muka roƙe shi tun Laraba ya ce taimtebul ɗinsa ya cika, ni dai na tafi masallaci, yanzu ya ce babu zancen sake mana, maki 20 sun tafi kenan. Ni ra'ayina a yi doka a duk jami'ar da ke ƙasar nan, babu lakca babu jarrabawa daga 1 zuwa 3 ranar Juma'a, kuma Sallah a ba mu sati guda cur kamar yadda ake watsewa lokacin Kirsimeti.

Kawu Mile 12: Allah ya yi maka albarka ɗana, ka zaɓi abin da ya fi. Mu nan kasuwa ko tirelar tumatir ake saukewa in lokaci ya yi barinta muke mu tafi, balle takarda. Sati gudan ma ni ina goyon baya, yaro ya taso daga Ikko zuwa Kano ko Sakkwato wuni da kwana yake a mota, ka ba shi kwana 2 ka ce ya je ya dawo, ai ka ce masa kar ya je ne kawai.

Dakta Hadiza: Auwal sannu, Allah ya musanya maka. Amma magana biyu ka haɗa kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Ta Juma'a ina tare da kai, awa 2 ne a sati kuma kowa ya san lokacinsu tun kafin a buɗe zango, wanda ya sa tes a wannan lokacin bayan ɗalibai sun zo da kansu sun roƙa bai kyauta ba. Ta sati guda ce ban yarda ba. Ni nake koyarwa, na san yadda muke fama, tun yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU na 2022 da ya ci wata 8 aka dinga matse zango ana gudu, aji ɗaya ina da yara sun haura 300 kuma zauren da zai ɗauke su sashe nawa ne ke layi a kansa. Sati guda ƙaramar Sallah sati guda babba, daga ina za a ciro su?

Auwal: To Dakta na Kirsimeti daga ina ake cirowa?

Dakta Hadiza: Tambayarka tana kan hanya. Hutun gwamnati na Disamba 25 da 26 ne sai 1 ga Janairu, sauran kwanakin makarantu ne ke gina kalandarsu a kai tunda ranar ba ta motsi. Tamu kuwa duk shekara tana matsowa da wajen kwana 11, bana ta faɗo tsakiyar zango baɗi ta faɗo cikin jarrabawa. Abin da nake ganin za a iya, kuma shi nake faɗa a taron sashenmu, kar a sa tes ko firatikal kwana 2 kafin Sallah da kwana 2 bayanta. Lakca in ta wuce ka sai ka ari littafin wani ka kwafa, tes ita ce ke jawo wa yaro kari-oba.

Malam Nura: Kuma a bar wa wata sarari. Ku tuna 2024, gwamnatin tarayya ta ba da Talata da Laraba, 9 da 10 ga Afrilu, wata bai bayyana ba azumi ya cika 30, sai da aka ƙara Alhamis. Wanda ya sa tes wannan Alhamis ɗin fa? Har sai Sarkin Musulmi ya yi sanarwa ba wanda zai rantse da ranar. Sannan Auwal ka riƙe wannan, a mazhabar Malikiyya sallar idi sunna ce mai ƙarfi, Juma'a kuwa farilla ce a kan namiji baligi mazaunin gari, aya ta 9 cikin Suratul Jumu'a ta ce in an kira salla a bar ciniki. Zuwa gida cin nama da dangi abu ne mai kyau amma ana idi a Agege ana yi a Obalende. In ka shiga ofis ka ɗora su a faranti ɗaya za a kama mai rauni a ƙi maka duka.

Kawu Mile 12: Malam zumunci fa shi ma addini ne. Yarana biyu shekara 3 ba su yi Sallah gaban kakarsu ba.

Ishaya: Ku ba ni dama in sa baki, ni Kirista ne ɗan Wusasa kun sani. Gaskiya ɗaya ce, mu Lahadi a kwance take mana tun zamanin Turawa, ban taɓa tsayawa gaban malami ina roƙo ya bar ni in je sujada ba, to ba zan ce wa Auwal ya yi haƙuri kawai ba. Amma akwai abin da ke damuna. Ajinmu akwai wata 'yar cocin Adventist, su Asabar suke kiyayewa daga faɗuwar rana Juma'a zuwa faɗuwar rana Asabar, kuma kun san lakcarori in lokaci ya ƙure Asabar suke tura komai. Ranar da aka nemi a ɗage wani tes daga Juma'a kilas ref ya ce a kai Asabar, kowa ya yi na'am, ita kaɗai ta ɗaga hannu, aka yi mata caa wai ta koma Babcock tunda jami'ar cocinsu ce. Cikin masu faɗin haka har da waɗanda aka ɗage dominsu.

Auwal: Subhanallah. Wannan ba daidai ba ne Yaya Ishaya, amma mutum ɗaya ce fa, mu kuwa kusan rabin aji.

Ishaya: Ai nan ne gizo ke saƙar ƙanena. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 kowane mutum ya ce yana da 'yancin addini, bai ce sai kun kai rabin aji ba. In yawa ne hujja to duk ajin da kuka zama ku uku shikenan an gama da ku.

Kawu Mile 12: To in haka ne gobe masu gargajiya su ma su zo da tasu ranar, jibi wani ya zo, yaushe za a yi karatun?

Ummi: Kawu ai sun riga sun zo, ranar Isese ta masu addinin gargajiyar Yarbawa 20 ga Agusta, gwamnatin Legas ta ba ma'aikatanta hutu saboda ita a 2023 kuma ba abin da ya rushe. Ni abin da nake so in ce wa Yaya Auwal, roƙo da baki a bakin ofis ba ya barin shaida. Maganar hijabi a makarantun gwamnatin Legas shekaru aka yi ana shari'a har Kotun Ƙoli ta yanke a Yunin 2022, ba da ɓacin rai a guruf aka samu ba, takarda aka bi. Ku shidan nan ku rubuta wa shugaban sashe, ku sa ranar da kuka je roƙo da ranar tes ɗin, ku kai wa ƙungiyar ɗalibai Musulmi MSSN kwafi, ƙungiyar nan a Legas ɗin nan aka kafa ta tun 1954 sun saba da irin wannan.

Ishaya: Kuma abin da ya sa nake tsoron dokar rufe komai, ku tuna azumin 2025 da Kano, Katsina, Bauchi da Kebbi suka rufe makarantu, ƙungiyar Kiristoci CAN ta yi ta ƙorafi, iyaye Kiristoci suna cewa nasu yaran me suka yi.

Ummi: Wancan firamare da sakandare ne Yaya, kuma wajen wata guda, kar a haɗa shi da awa 2.

Dakta Hadiza: Shi ya sa ni na fi son ƙa'ida a rubuce, duk ɗalibin da ibadarsa ta ci karo da tes ya sanar tun makonnin farko na zango, a ba shi wata rana ba tare da an zabge masa maki ba. Wahalar a kanmu take don sai na sake tambayoyi sababbi, kuma akwai masu fakewa da addini alhali ba su yi karatu ba, na gan su da idona, amma wanda ya sanar tun farkon zango ai ba tes ɗin gobe yake gudu ba.

Kawu Mile 12: Ni dai Dakta har yanzu ban gamsu ba, me zai sa ɗa Musulmi sai ya cike takarda kafin ya je Juma'a a ƙasarsa?

Auwal: Nima Kawu wannan na tsaya min a rai, Juma'a kam ina nan kan bakana a rufe awa biyun ga kowa. Sati gudan na janye zuwa abin da Dakta ta ce. Dakta in na rubuta wasiƙar yau da dare zan turo miki ki duba min dan Allah. Yaya Ishaya ita 'yar ajin naku an sake mata tes ɗin kuwa?

Ishaya: Ba a sake ba, da ƙananan 'yan aji ta maimaita kwas ɗin.